Nima, unguwar da baƙi suka gina wa baƙi

Gidan da na tashi a cikinsa a Nima, unguwar zango a Akra babban birnin Ghana, ɗaki goma sha huɗu ne, da zaure, da tsakar gida ɗaya wadda a nan ake girki, a nan ake wanki, a nan ake raɗin suna. Kakana ne ya gina shi, Bazabarme daga ƙasar Dosso. Matarsa, kakata, Kotokoli ce daga Sokode ta ƙasar Togo. Mahaifiyata kuwa Dagomba ce, daga Yendi aka kawo ta. A ɗakunan haya akwai wani Mossi mai aikin gadi, da tsohon soja ɗan Frafra da iyalinsa masu zuwa coci, da Bayarbiya mai sayar da atamfa, da tela ɗan Ewe. Kowa in ya shiga ɗaki ya saki labule yana da harshen da yake yi wa 'ya'yansa faɗa da shi. Da zarar an fito tsakar gida kuwa, Hausa ake yi. Da ita ake aron gishiri, da ita ake rigimar layin famfo, da ita dattawa suke raba rigimar. Ni da na fito daga wannan gida, ko'ina na shiga a Akra Bahaushe ake ce da ni, kuma ba na musu, domin da Hausa nake tunani, da ita nake mafarki.

Na fara da gidanmu ne saboda wanda yake son ya gane Nima daga irin wannan gida zai fara. Abin da ake yabon unguwar da shi, wato zumunci da karɓar baƙo, da abin da ake kushe ta da shi, wato cunkoso da ƙazanta da rashin tsari, saiwarsu ɗaya ce. Masu yabo da masu suka kowa ya ɗauki rabi ya bar rabi, shi ya sa aka daɗe ana maganar gyaran Nima ba a gyara ta ba.

Wanda bai san Akra ba, in ya ji an ce zango, zai ɗauka wani wuri ne can bayan gari. Nima a cibiyar birni take. Ring Road tana ƙasanta, Kanda tana gefenta, inda gidan rediyo da talabijin na ƙasa yake da babban masallacin ƙasa wanda Turkawa suka taimaka aka gina, aka buɗe shi a 2021. Daga kasuwar Nima mutum yana iya takawa da ƙafa ya isa Jubilee House, fadar shugaban ƙasa. Gidan tsohon shugaba Akufo-Addo ma a bakin unguwar yake. Maamobi ce ƙanwarta, babban gwata ne kawai ya raba su, sai Accra New Town da dattawa har yanzu suke kira Lagos Town. Cantonments da Ridge da Airport Residential, unguwannin jakadu da manyan masu kuɗi, duk maƙwabta ne na kusa. A riƙe wannan maƙwabtaka, domin ita ta raini Nima tun farko, ita ce kuma take neman haɗiye ta yanzu.

Zango a asalinsa masaukin ayari ne, inda fatake suke sauke jakuna su kwana. Kakannin kakanninmu daga Kano da Katsina da Sakkwato sun yi ɗaruruwan shekaru suna bin hanyar Gwanja, su kawo tufafi da fata da kanwa da dabbobi, su koma da goron da ake kawowa daga kurmin Tonawa, wato Asante. Salaga, a arewacin Ghana ta yau, ita ce babbar kasuwar, kuma gaskiya ba ta ɓuya, har da bayi ake saye da sayarwa a cikinta. Abu biyu suka karya Salaga. Turawan Ingila suka ƙone Kumasi a 1874, ikon Asante a kan hanyoyin arewa ya yi sanyi, sannan yaƙin basasa ya tashi a Salaga kanta a 1892, 'yan kasuwa da malamai suka watse. Wasu suka yi Kete Krachi, wasu Kintampo da Yeji, wasu Kumasi, wasu suka gangaro bakin teku, inda goro ya fara bin jirgin ruwa zuwa Ikko maimakon bayan jaki. A ɗaya ɓangaren ga sojoji. Rundunar da Kyaftin Glover ya kawo daga Ikko don yaƙin 1873 zuwa 1874 da sunan Hausawa aka san ta, ko da yake ba dukansu Hausawa ba ne, kuma daga nan Hausa ta zama harshen bariki, na soja da na ɗan sanda, har shekaru masu yawa.

Da Akra ta zama hedikwatar mulkin mallaka a 1877, wadda tsofaffinmu suke kira Ankara, waɗannan mutane suka taru a tsakiyar gari, wajen Zongo Lane da Cow Lane da Tudu. Da wuri ya yi kaɗan, rigingimun shugabanci kuma suka yi yawa, Malam Bako ya nemi fili a hannun sarakunan Ga, ƙabilar masu ƙasar Akra, wajajen 1910 ya kafa Sabon Zango. Sunayen wuraren kaɗai sun isa shaida: Tudu, Fadama, Sabon Zango, har da Kasoa, wanda kalmar kasuwa ce aka murɗa.

Nima ƙanwa ce a cikin waɗannan. A farkon shekarun 1930 Malam Amadu Futa, Bafulatani malami mai harkar shanu, ya sami fili daga iyalin Odoi Kwao na Osu. Daji ne a lokacin, wurin kiwo, inda ake ajiye shanun da aka koro daga arewa kafin a shigar da su gari a yanka. Sunan ma kansa baki biyu gare shi. Mutanen Ga suna cewa daga harshensu ya fito, ma'anarsa garin Nii, wato garin sarki. Mu kuma muna jin ni'ima a cikinsa. Ban ga dalilin da zai sa a tilasta wa ɗaya ya janye ba, tun da sarautar unguwar ma haka take: Nii Futa ake kiran sarkin Nima, laƙabin Ga a gaba, sunan Bafulatani a baya. Duk tarihin wurin yana cikin wannan suna, masu ƙasa da baƙon da suka sauka.

Abin da ya fi komai tasiri a kan yadda Nima ta kasance shi ne cewa a wajen iyakar hukumar birni aka kafa ta, sai a farkon shekarun 1950 aka shigar da ita. A cikin gari akwai dokar gini, akwai duba-gari mai leƙa randa ya ci tara, akwai haraji. A Nima babu ko ɗaya. Wanda ya zo sai ya gai da masu wuri, a nuna masa fili, ya biya abin da aka yanka masa, ya kwaɓa ƙasa ya ɗora ɗaki. Sai yaƙin duniya na biyu ya zo. Akra ta cika da sojojin Ingila da Amurka, filin jirgi ya zama mashigar jiragen yaƙi, barikoki suka faɗaɗa. Ana neman kuku da boyi da mai wanki da mai gadi da lebura, kuma unguwannin Turawa ba a tanadi wurin kwanan waɗannan mutane ba. Nima ce mafi kusa, ita ce mafi araha. Bayan yaƙi sojojin da suka dawo daga Bama, yawancinsu 'yan arewa da 'yan ƙasashen Faransa, da dama ba su koma garuruwansu ba, nan suka zauna. Cikin shekara ashirin makiyaya ta zama gari, ba tare da wani ya zauna ya ja layi ya ce nan titi, nan magudana, nan makaranta, nan bayan gida ba. Birni yana buƙatar hannun mutanen Nima kowace safiya, amma bai ɗauki nauyin inda suke kwana ba.

To, in babu hukuma, wa ya riƙe unguwar? Maigida. A nan ya kamata a tsaya, domin wannan kalma a zango ta fi mai karɓar kuɗin haya faɗi nesa ba kusa ba. Gadon fatoma ne na zamanin ayari, mutumin da baƙo yake sauka a gidansa, ya ba shi ɗaki da abinci, ya ajiye masa kaya da kuɗi, ya haɗa shi da mai saye, ya tsaya masa in rigima ta tashi. Wannan tsari ne aka ɗauko daga Salaga aka dasa a Nima. Saurayi ya sauko daga motar Bawku ko ta Yamai da ƙunshin kayansa, bai san kowa ba, abin da zai tambaya kawai shi ne ina gidan mutanen garinsu. A ranar zai sami tabarma a zaure da kwanon tuwo. Cikin mako maigida ya samo masa wurin dako ko gadi, ko ya haɗa shi da masu albasa. In ya tara abin aure maigida ne waliyyinsa. In ya rasu ba shi da kowa, maigida ne zai sayi likkafani, ya aika da saƙo gida. Ba takarda, ba sa hannu, amana ce da kunya.

Yanzu a duba abin da wannan yake yi wa ginin gida. Maigidan da ake girmamawa shi ne wanda ba ya mayar da baƙo. Ɗaki huɗu ya zama takwas, takwas ya zama goma sha huɗu. Aka ci filin baya, aka ci gefe, aka matso har katangar maƙwabci, hanyar da jaki da kaya yake bi ta zama lungun da mutum biyu ba sa gittawa sai ɗaya ya karkace. A gidaje da yawa har makewayi aka rushe aka yi ɗaki da shi, wani don kwaɗayin haya, wani don ɗa ya yi aure ba inda za a sa amarya. Duk lungun da baƙon ido yake gani ya yamutsa fuska, akwai wani da aka ƙi bari ya kwana a waje a bayansa. Ba ina wanke kowa ba ne, akwai masu gidan da son kuɗi ne zalla ya sa su. Amma wanda ya ce cunkoson Nima daga jahilci ya fito bai san yadda ɗakunan suka hau juna ba.

Hausa ce ta ɗinke wannan taro, kuma abin lura shi ne Hausawan asali ba su ne mafi yawa a Nima ba. Zabarmawa, Kotokoli, Mossi, Dagomba, Chamba, Wangara, Busanga, Fulani, Yarbawa, Sisala, Frafra, Ewe, Ga, kowa yana nan da yawansa. Hausa ta yi nasara ne domin ita ce ta kasuwa, ita ce ta bariki, ita ce malam yake fassara karatu da ita, kuma ba ta masu ƙasa ba ce, don haka wanda ya ɗauke ta bai ji ya miƙa wuya ga wani ba. A bakinmu ta sauya kama. Mukan ce Hajiya ya zo, ba ma damuwa da bambanta namiji da mace a magana. Ƙa da ɗa da ɓa sun saki lanƙwasarsu a harshen yawancin yara. Twi da Ga da Turanci sun shigo sun zauna. Gananci ake kiranta, kuma na sha jin 'yan'uwa daga Kano suna dariyarta. Raina yana ɓaci da wannan dariya, domin Hausar da ake yi wa dariya ita ta ciyar da ƙasa guda da kalmominta. Waakye da ake layi a kansa kowace safiya daga Akra har Takoradi wake ne na shinkafa da wake. Koko da ƙosai, tuwon zafi, fura, masa, ƙuliƙuli, duk da sunansu na Hausa ɗan Asante da ɗan Fante suke saye. Matan da suke dakon kaya a kasuwar Makola ma rabin sunan da ake kiransu da shi, kayayei, kayan Hausa ne, sauran rabin na Ga.

Kowace ƙabila da sarkinta, Sarkin Zabarmawa, Sarkin Mossi, Sarkin Kotokoli da sauransu, kuma aikinsu na gaske a zaure yake, rikicin aure da na bashi da na gado, waɗanda ake kashewa kafin su kai ofishin 'yan sanda. Ranar hawan sallah ne ake ganinsu a kan dawaki a babban titin Nima, kowa da makaɗansa.

Maganar addini ba a rasa tsami a cikinta ba. Tijjaniyya ta riga kafuwa, sannan ɗaliban da suka dawo daga Madinar Saudiyya suka kawo da'awar Ahlussunna, masallacin da ake kira Research a Nima ya zama cibiyarsu. An yi shekarun da wa da ƙane ba sa bin limami ɗaya, an yi wa'azin da ya raba gidaje. Abin ya lafa sosai, kuma babban limamin ƙasa Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, wanda yake kan wannan kujera tun 1993, yana da kaso mai yawa a lafawar. Lokacin da ya shiga cocin Christ the King ranar Ista ta 2019, a shekarar da ya cika ɗari, duniya ta yi mamaki. A Nima mamakin bai kai haka ba. Cocin St. Kizito a cikin unguwa yake, kuma a gidanmu matar tsohon sojan nan ita take taya kakata tuyar naman layya, mu kuma mu ci shinkafar Kirsimeti a ɗakinta.

Sai 1969, shekarar da har yau tsofaffi ba sa ambatonta sai sun yi shiru tukuna. Ƙidayar 1960 ta nuna kimanin kashi 12 cikin ɗari na mazauna Ghana 'yan asalin wasu ƙasashe ne. Tattalin arziki ya taɓarɓare bayan kifar da Nkrumah a 1966, aikin yi ya yi wuya, aka fara nuna baƙi da yatsa. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Firaminista Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama mako biyu, ko ya samo ko ya bar ƙasar. Ina mutumin da ya shigo da ƙafa a bayan shanu tun ana kiran ƙasar Gold Coast zai samo takarda cikin mako biyu? Sama da mutum dubu ɗari suka fita, Yarbawa da Hausawa da Zabarmawa da Mossi da mutanen Togo, cikinsu har da waɗanda a nan aka haife su, ba su taɓa ganin ƙasar da aka ce tasu ce ba. Aka sayar da gidaje da shaguna a wulaƙance. A 1970 kuma aka yi dokar da ta keɓe ƙananan kasuwanci ga 'yan ƙasa.

Kakana yana cikin waɗanda suka tafi. Kakata ta sha ba mu labarin daren tafiyar. Ya kira tsohon sojan nan zaure, ya miƙa masa makullai ya ce, “Saje, ga gida nan, ga yara nan. Amana ce.” Shi kuma ya ce, “Maigida, je ka dawo lafiya. Ko tsintsiya ba za ta ɓata ba.” Sai bayan da sojoji suka kifar da Busia a Janairun 1972 kakana ya dawo, Saje ya ɗauko wani gwangwani daga ƙarƙashin gado, kuɗin hayar kowane wata a ciki, har da nasa. Daga ranar kakana bai sake karɓar ko kwabo a hannunsa ba.

Amma akwai wani abu kuma da kakana bai sake yi ba har ya koma ga Allah: bai sake ɗora bulo ɗaya a kan gidan ba. Abin da ya samu sai ya sa a kasuwa, ko ya aika Dosso. A ganina wannan yana cikin manyan dalilan da suka sa gidajen Nima da yawa suka tsaya a yadda suke tun shekarun 1960. Wanda aka taɓa ba shi mako biyu ya tattara, ba ya sake binne dukiyarsa a ƙasa da sauƙi. Tabon ya shiga siyasa ma, domin an daɗe a zango ana kallon jam'iyyar da ta gaji Busia da wannan ido, kuma mazaɓar Ayawaso ta Gabas, inda Nima take, ta daɗe a hannun abokiyar hamayyarta, jam'iyyar NDC. Da Najeriya ta kori 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya a 1983, babu wanda ya fi mutanen zango sanin zafin abin, domin sun ɗanɗana shi ta ɓangarori biyu.

Tsarin mulkin 1992 ya fayyace cewa wanda ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan Ghana ne, shi ma ɗan ƙasa ne. A takarda magana ta ƙare. A bakin tebur ba ta ƙare ba. Na taɓa zuwa wani ofishi neman takardar shaida, jami'in ya dubi sunana ya ce ina ne garinmu. Na ce Nima. Ya ce Nima ba gari ba ce, in faɗi inda muka fito. Ubana a Nima aka binne cibiyarsa, ni ma haka, 'ya'yana ma haka. Na fita daga ofishin nan da takardata, domin ta wajen mahaifiyata babu mai ja da ni, amma na san samari da yawa da irin wannan tambaya ta sa suka juya ba su koma ba, kuma wanda ba shi da katin shaida a yau ko layin waya ba zai yi wa rajista ba.

Wani ɓangare na ciwon namu ne, ba a ɗora wa kowa. Kakanninmu sun guji boko saboda makarantun na mishan ne, suna tsoron a sauya wa yara addini da suna. Har yau a bakinmu makaranta tana nufin ta allo, ta boko kuwa sukul. Tsoron yana da dalili a lokacinsa, amma ya ci mana zuriya biyu waɗanda da su ne za su zauna a ofisoshin da ake yanke shawarar inda titi zai bi. Kafa sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi a 1987 ya buɗe ƙofa, sakandare kyauta daga 2017 ta ƙara buɗe ta, kuma yanzu akwai likitoci da lauyoyi da malaman jami'a 'yan Nima. Sai dai yawancinsu da zarar hali ya samu sai su koma unguwar Madina ta gefen Akra ko Adenta ko Kasoa, su riƙa zuwa ranar Juma'a da ranar biki.

Babban gwatan nan da ake nuna hotonsa duk lokacin da za a yi maganar Nima, rafi ne a asalinsa, yana gangarawa kogin Odaw, daga can zuwa tafkin Korle da teku. Motar shara ba ta shiga lungu, gidan da ba shi da makewayi sai na haya wanda ake biya a kowace shiga, don haka abin da bai sami wurin zuwa ba gwata yake nufa. In ruwan Yuni ya sauko duk ya tattara ya toshe ƙasa, kuma babu ɗan Akra da ya manta 3 ga Yuni 2015, daren da ambaliya da gobarar gidan mai a shataletalen Circle suka kashe sama da mutum 150. Haya kuma ga ta nan. Dokar haya ta 1963 ta ce kada a karɓi fiye da na wata shida a gaba, amma na shekara biyu ake nema a ɗaki ɗaya mai yoyo. Me ya hana masu gida gyarawa? Gado. Gidan da mutum ɗaya ya gina yau na magada talatin ne ko arba'in, wasu a Kumasi, wasu a Jamus, wasu a Bronx. Ba mai zuba kuɗinsa a abin da ba nasa shi kaɗai ba, ba mai iya sayarwa sai kowa ya yarda, kuma da yake yawanci babu cikakkiyar takardar fili, banki ba ya ba da rance a kansa.

Samarin da ɗaki bai ishe su ba a waje suke rayuwa, a majalisun da muke kira bes, ana dafa ataya ana musun ƙwallo har tsakar dare. Daga waje ana ganin zaman banza ne. Daga ciki nan ne ake jin inda ake neman ma'aikaci, nan ake haɗa kuɗin asibitin wani, nan ake tara na jirgin wanda zai fita. Mohammed Kudus, wanda aka haifa a Nima a 2000, daga ƙungiyar unguwa ta Strong Tower ya tafi makarantar ƙwallo ta Right to Dream, ya wuce Denmark, ya je Ajax da West Ham, ya ci Koriya ta Kudu ƙwallo biyu a gasar duniya ta 2022. Daren nan unguwar ba ta yi barci ba. Amma a kan kowane Kudus ɗaya akwai ɗaruruwan da hanyar Libiya ce a ransu, akwai kuma waɗanda 'yan siyasa suke tunawa da su duk bayan shekara huɗu, a ba su riga da 'yan sidi su tsaya a rumfar zaɓe su ba da tsoro. Wannan ya fi gwata ƙona mini rai. Su ne suke saya wa unguwa baƙin suna, wanda ya aike su kuma 'ya'yansa suna karatu a waje.

Alkawarin gyara ba sabo ba ne. Da aka fasa babban titin Nima a shekarun 1970, gidaje sun tafi, wasu daga masu su aka mayar da su unguwar Madina. A 2017 aka kafa ma'aikatar kula da zanguna da asusun raya su, aka yi filayen ƙwallo da fitilu da 'yan gine-gine, ma'aikatar kuma ba ta wuce wa'adi ɗaya ba. A 2019 shugaban ƙasa ya faɗa wa majalisa cewa ana shirin sabunta Nima ba tare da an kori mazaunanta ba. Mutane sun saurara da kunne biyu, ɗaya na murna ɗaya na tsoro, domin kowa ya san darajar wannan ƙasa da ke tsakanin Ring Road da filin jirgi. Ba mai ƙin titi da magudana da makewayi a kowane gida, mai ɗaki ya fi kowa sanin inda yake masa yoyo. Tambayar ita ce da wa za a yi lissafi. In aka ce za a rushe a gina bene a ba mai gida hawa ɗaya, an sallami magada. 'Yan haya fa, waɗanda su ne mafi yawan mutanen unguwar, wasu shekara arba'in a ɗaki ɗaya ba su da ko rasit? Mai waakye da take dafawa da itace a tsakar gida, a hawa na shida za ta hura wuta? Zauren da baƙo yake kwana kyauta, wane mai zanen gini ne zai bar masa wuri? Abin da nake ganin zai yi aiki ya fi wannan sauƙi kuma ya fi shi wahala: a taimaki iyalai su sami takardar filinsu, a zauna da masu unguwa lungu-lungu a ga inda za a ja katanga baya taku biyu don motar kashe gobara da ta shara su shiga, a ba da rance mai sauƙi na makewayi da ƙarin hawa ɗaya a kan gidajen da suke nan, a sa 'yan haya a cikin rajista tun kafin a taɓa bulo ɗaya.

Bara wani mai gine-gine ya aiko yana taya gidanmu, da kuɗin da babu wanda ya taɓa riƙe irinsa a zuriyarmu. Aka kira taron magada, na waje suka shigo ta waya. Kawuna ya ce a sayar, kowa ya ɗauki rabonsa ya nemi fili a Kasoa, kuma yana da hujja, domin rufin ɗakinsa da leda da duwatsu aka danne shi. Ana cikin lissafi sai gwaggona, wadda ta fi kowa shekaru, ta ce, “Alhaji, na ji rabon kowa. 'Yar Saje fa, ina za ta?” Tana nan a ɗakin ubanta, ta haura sittin, da jikoki uku. Ba ta cikin magada, sunanta ba ya kan kowace takarda. Kawu ya buɗe baki ya rufe. Aka ɗage taron zuwa bayan babbar sallah, sallah ta zo ta wuce, har yau ba a sake kiransa ba. Rufin kawu yana nan yana yoyo, kuma tun watan jiya akwai wani yaro daga Tillaberi da yake kwana a zaure, ana nema masa wuri wajen masu albasa.